Digiri ko Buhun Albasa: Ina Lissafin Yake Karkacewa?

A Aliero, Jega da Maiyama, da wuya a yi hirar karatun jami'a ba a kawo misalin nan ba: ga wane ko sakandare bai gama ba, amma yana loda albasa mota-mota zuwa Kudu, ga wane kuma da digirinsa yana haya da babur. Daga nan sai a rufe zance, wai boko ɓata lokaci ne. Mutanen nan biyu akwai su, ƙila ma ka san su. Matsalar tana wajen yadda aka jera su.

Ka duba da kyau. An ɗauko ɗan kasuwar da ya fi kowa sa'a, an ajiye shi kusa da mai digirin da ya fi kowa rashin sa'a. Masana ƙididdiga sun daɗe da sanin wannan kuskure, za mu iya kiransa ruɗin waɗanda suka tsira. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka sun riƙa duba jiragen da suka dawo daga fagen fama don su san inda ya kamata a ƙara sulke. Wani masanin lissafi, Abraham Wald, ya nuna cewa ramukan harsashin da ake gani suna jikin jiragen da suka iya dawowa ne. Waɗanda aka harba a wuri mai haɗari, kamar inji, ai ba su dawo ba balle a ƙirga su.

Haka kasuwar albasa take. Wanda ya dace shi ake gani, da sabon gida da kujerar Makka. Wanda albasarsa ta ruɓe a ma'ajiya, ko farashi ya karye masa bayan ya ci bashi, shiru yake yi ya koma gefe, babu mai sa shi a lissafi. Masu kare boko ma suna faɗawa ramin nan. Sai ka ji sun ce ga Farfesa Attahiru Jega, ya shugabanci Jami'ar Bayero, ya kuma riƙe hukumar zaɓe ta ƙasa daga 2010 zuwa 2015. Gaskiya ne, amma shi ma mutum ɗaya ne, ba zai gaya maka makomar dubban ɗalibai ba.

To, me bincike ya gano da aka ƙirga kowa da kowa? A 2018, masana tattalin arziki biyu, George Psacharopoulos da Harry Patrinos, sun tattara sakamakon bincike daga ƙasashe 139. Sun samu cewa a matsakaici, kowace shekara ɗaya ta ƙarin karatu tana tafiya da ƙarin kusan kashi 9 cikin 100 na abin da mutum yake samu. Wani zai ce ai dama masu ƙwaƙwalwa da 'ya'yan masu hali ne suke yin nisa a karatu. Don gwada wannan, an yi bincike a kan tagwaye masu kama ɗaya, waɗanda suka tashi gida ɗaya amma ɗaya ya fi ɗaya karatu. Nan ma an ga wanda ya fi karatu yakan fi samu.

Sai dai kada ka ɗauki wannan adadi kamar alƙawari. Na farko, matsakaici ne, akwai na sama da shi, akwai na ƙasa. Na biyu, yawancin irin wannan bincike albashi yake aunawa, alhali manomin shinkafa a Maiyama ko dillalin kasuwar Jega ba shi da takardar albashi. Na uku, karatu yana da farashin da ya wuce kuɗin rajista, wato shekarun da ka yi a aji abokinka yana tara jari. A 2022 kaɗai, yajin aikin malaman jami'a ya cinye wata 8.

Saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce: wane karatu, kuma me zan iya yi da shi? Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006, zamanin Gwamna Adamu Aliero, tana zaune ne a tsakiyar ƙasar albasa, kuma tana koyar da aikin gona. Ɗan manomin da ya fahimci dalilin da ya sa ake barin wuyan albasa ya bushe kafin a adana ta, da yadda iska ke rage ruɓa a ma'ajiya, da yadda ake rubuta shiga da fitar kuɗi, ba sai ya zaɓi ɗaya tsakanin aji da gona ba. Wanda kuwa ya je neman takarda kawai, yana jiran aikin gwamnati, shi ne ya fi shiga haɗari.

Nan gaba in aka kawo maka misalin wane da wane, ka tambaya: mutum nawa ne suka fara tare da su, kuma ina sauran suke yanzu?