Ko ka sani? Irin albasar kwaɗi ba ya jiran ruwan shuka

Manomin Ƙanƙara ko Faskari ya san ƙa'idar iri: a shanya shi ya bushe ƙayau, a adana a rumbu, sai ruwan shuka ya sauka a fito da shi. Albasar kwaɗi ba ta bin wannan ƙa'ida. Ita ce tsiron nan na fadama da bakin rafi mai dogayen ganye, wanda ke fitar da manyan furanni farare masu ratsin ja a farkon damina, masana kuma suna kiran danginsa Crinum. Idan furen ya kaɗe, 'ya'yan sukan yi nauyi har sandar ta kwanta ƙasa, su fashe, ƙwayoyi masu tsoka kamar ƙananan goro su zubo. Ɗauki ɗaya ka ajiye a kan tebur, ba ƙasa, ba ban-ruwa. Cikin 'yan makonni za ka ga farin tsiro ya ɓullo daga gefenta, ya lanƙwasa yana neman ƙasa, bakinsa ya fara kumbura ya zama 'yar albasa. Ƙwayar ta zo da guzurin ruwanta da abincinta, shi ya sa ba ta jiran hadari.

Wannan gaggawa tana da dalili. A kudancin Katsina damina wata biyar ce zuwa shida, sauran shekara rani ne da hunturu da gobarar daji. Gero da dawa sun tsira ta hanyar barci a matsayin busasshen iri. Albasar kwaɗi kuwa sai ta yi sauri ta gina rumbunta a ƙarƙashin ƙasa kafin ruwa ya ɗauke, saiwoyinta suna takurewa suna jan 'yar albasar ƙasa a hankali, inda zafi da wuta ba sa kaiwa. Amma dabarar tana da tsada: ƙwayar da ta bushe ta mutu. Tun 1973 masanin iri E. H. Roberts ya raba iri gida biyu, masu jure bushewa da marasa jurewa, kuma a rukuni na biyu ne ake samun mangwaro da koko da goro. Duk wanda ya ga fatake suna lulluɓe huhun goro da ganye suna yayyafa masa ruwa ya ga wannan ilimi a aikace. Dubi bambancinsu da iri mai jure bushewa: a 2005 an tsirar da ƙwallon dabino da aka tono a wani wuri mai suna Masada, mai shekara kusan 2,000, ya zama bishiya. Babban ma'ajin iri na Svalbard a ƙasar Norwe, wanda aka buɗe a 2008, yana daskarar da busasshen iri ne, don haka irin albasar kwaɗi ba shi da gurbi a can. Ma'ajinsa ɗaya ne, wato ƙasa mai danshi, kuma fadamun garin Sabuwa da maƙwabtansa kullum garma da maganin feshi suna ƙara cin su.

Wani zai ce, to me ya sa ba za a tono albasar kawai a dasa a gida ba, tunda shuka daga iri kan ɗauki shekara uku ko fiye kafin a ga fure? Gaskiya ne tono ya fi sauri. Sai dai wanda ya tono ya raba fadama da uwar da ta yi shekaru tana girma, wanda ya tsinci ƙwaya kuwa bai rage komai ba. Kuma 'ya'yan da albasa ke fitarwa a gindinta kwafinta ne kawai, alhali kowace ƙwaya sabon haɗi ce. Wani kuma zai ce ba a cin ta, hasali ma guba ce. Haka ne, kuma dole a nisanta ta da yara da awaki. Amma daga danginta na Turai aka fara samun galantamin, maganin da ake ba masu cutar mantuwar tsufa, kuma ana ci gaba da binciken sinadaran irin namu.

Shukar kanta ba ta da wuya. A tsinci ƙwayar da ta nuna ta faɗo da kanta, kada a shanya ta, a ɗora ta a kan ƙasa mai yashi da taki a cikin tukunya mai huda a gindi, a danna ta rabi kawai. Idan rani ya yi ganyen ya bushe, a rage ruwa, a bar tukunyar a inuwa har ruwan farko.