Yadda A Ke Kai Mashayi Wurin 'Yan'uwansa

A shekarar 1935, a birnin Akron na ƙasar Amurka, waɗansu mashaya biyu, Bill Wilson da Likita Bob Smith, suka gane mashayi ya fi jin maganar wanda ya taɓa shan wuya irin tasa. Daga nan jam'iyyar Alcoholics Anonymous ta tsiro, watau mashaya masu ɓoye suna. A 1953 masu shan ƙwaya suka kafa tasu. Shiga ba a biyan ko anini, ba kuma mai yi wa wani gori.

To, faɗa wa mashayi "je ka taronsu" bai isa ba, gama kunya kan tsai da shi a ƙofa. Sai a nemo ɗayansu, ya zo ya gaishe shi, ya raka shi ran farko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.