Magnus Johnson, manomin da ya kai kukan manoma Majalisar Dattawan Amurka

An haifi Magnus Johnson a 1871 kusa da garin Karlstad a ƙasar Suwidin, inda ya koyi sana'ar hura gilashi tun yana saurayi. A 1891 ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya taɓa aikin saran katako a jihar Wiskonsin, sannan ya zauna a gundumar Meeker ta jihar Minesota ya kafa gona.

A can ya ga yadda ake ci da gumin manomin alkama. Kamfanin jirgin ƙasa ya tsawwala kuɗin dako, mai rumbun ajiya shi ke awo shi ke yanke darajar hatsi, dillalan Miniyafolis kuma su sa farashin da suka ga dama. Mai gona na ƙarshe a rabon, alhali shi ya sha rana. Wannan ya kai Johnson ƙungiyar manoma ta American Society of Equity, har ya shugabanci reshenta na jihar daga 1911 zuwa 1914, suna fafutukar manoma su mallaki rumbunansu su sayar da amfaninsu da kansu.

A 1915 ya shiga majalisar dokokin jiha. Lokacin ne manoman karkara da ƙungiyoyin ƙwadagon birni, waɗanda a da ba sa ga maciji kan farashin abinci, suka gane cewa hannu ɗaya ke matse su, suka haɗu a jam'iyyar Manoma da Ma'aikata a 1918. Johnson ya dace da wannan haɗaka, domin ya ci albashin lebura kafin ya riƙe garma. Muryarsa mai kauri da Turancinsa mai karin Suwidin sun zama abin ba'a a jaridu, amma a taron ƙauye su ne jarinsa.

Ya nemi gwamna a 1922, J.A.O. Preus ya kayar da shi. Da Sanata Knute Nelson ya rasu a 1923, sai Johnson ya rama a zaɓen cike gurbi kan Preus ɗin. Kujerar ba ta daɗe a hannunsa ba: Thomas Schall ya karɓe ta a zaɓen 1924. Johnson ya koma Washinton a matsayin ɗan Majalisar Wakilai daga 1933 zuwa 1935, ya rasu a Litchfield a 1936. Jam'iyyarsa ta haɗe da Dimokurat a 1944.