Tsohuwar akori-kura: yadda za ta daɗe tana nema ba tare da ta cinye jari ba

Duk wanda ke bin hanyoyin kasuwanninmu na bakin iyaka, tun daga Ƙonni da Illela, zuwa Ɗan Isa da Jibiya, har Magarya da Maigatari, ya saba ganin tsohuwar akori-kura a gefen hanya an ɗage mata baki, direba na ƙarƙashi, fasinjoji sun nemi inuwa, buhunan albasa ko tattasai kuwa suna shan rana. Kafin a samo makanike daga gari kasuwa ta watse, mai kaya ya yi asarar cinikin mako, mai mota ya biya kuɗin gyara ninki biyu. Masu sauraronmu a gidan rediyo sun sha kawo mana wannan kuka, shi ya sa muka ga ya dace mu zauna da mai karatu a kan yadda ake riƙe irin waɗannan motoci da ɗan abin da ke hannu.

Motar da muka ɗauka misali ita ce Toyota Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, wadda aka fara ƙera jerinta na 70 a shekarar 1984. Wadda ta fi yawa a hannun jama'armu ita ce mai injin gazuwal da ake kira 1HZ, wanda ya fito a 1990, mai silinda shida da girman lita 4.2. Inji ne da ba shi da turbo, ba kwamfutar da ke sarrafa shi, don haka makaniken ƙauye ma yana iya kwance shi ya ɗaura. Yawancin abin da za mu faɗa ya shafi tsofaffin Hilux masu gazuwal su ma.

Dalilin da ya sa ake lallaɓa tsohuwa ba ɓoyayye ba ne. Tun daga karyar darajar sefa a watan Janairun 1994 duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, sannan takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya sake toshe hanya har farkon 2024, ya kuma dagula hanyar Kwatano da motocin gwanjo da kayan gyara ke bi. A irin wannan hali, wanda ke da mota mai tafiya ya san ita ce gonarsa, kuma sabuwa ta fi ƙarfin aljihun ɗan kasuwar da ke juya ɗan jarinsa daga kasuwa zuwa kasuwa.

Abu na farko shi ne baƙin mai. Wannan inji yana ɗaukar kusan lita 10, kuma a ƙasa mai ƙura da zafi irin tamu ana yin juye, wato abin da wasu ke kira bidanj, a kowane kilomita 5,000, tare da sauya filtar mai. Motar da ke cin kilomita 600 a mako wajen zagayen kasuwanni za ta kai wannan adadi cikin wata biyu. Mutane da yawa ba sa juye, sai dai su riƙa ciko idan mai ya ragu, alhali kuwa tsohon man da ke ciki ya riga ya cika da toka da ƙura, yana goge ƙarfe maimakon ya kare shi. Haka nan man da ake aunawa a kwalba a bakin tasha, wanda ba a san asalinsa ba, araharsa ba ta kai kuɗin buɗe inji ba. A sayi mai a galan ɗin da ba a ɓalle murfinsa ba, a kuma rubuta kilomitar da aka yi juye a ɗan littafi a ajiye cikin mota.

Na biyu shi ne iska. Injin gazuwal yana shaƙar iska mai yawan gaske, kuma a lokacin hunturu da buji, filtar iska kan toshe cikin ƴan kwanaki a kan hanyar burji. A riƙa cire ta ana hura mata iska a hankali daga ciki zuwa waje, a zubar da ƙurar da ta taru a kofin da ke ƙasan gidanta. Kada a buga ta da ƙasa ko da taya, don takardar tana yagewa, kuma ƙaramar ɓula ta isa ta shigar da yashi cikin silinda. Wanda ya cire filta gaba ɗaya wai don mota ta ƙara ƙarfi, ya sani cewa zoben fistan ne zai biya.

Na uku, kuma nan ne kuɗi suka fi zurarewa, shi ne gazuwal. Famfon da ke tura mai zuwa nozul a wannan inji ba shi da wani man shafawa sai shi kansa gazuwal ɗin da ke ratsa shi. Idan aka gauraya shi da kananzir, santsinsa ya ragu, famfo ya ci kansa. Idan kuma da ruwa a ciki, tsatsa ta kama shi. Mun san cewa a bakin iyaka man jarka ba baƙo ba ne, wani lokaci ma shi kaɗai ake samu. To idan ya zama dole, a bar jarkar ta kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta, kada kuma a zuba na ƙasan. A ƙarƙashin filtar gazuwal akwai wurin da ruwa ke taruwa, da ɗan murfi da ake sassautawa a zubar da shi, akwai ma fitilar da ke kamawa a gaban direba idan ruwan ya yi yawa. Wannan aiki na minti biyar ne, amma shi ke raba mai mota da masu gyaran famfo, waɗanda aikinsu na cikin mafi tsada a jikin motar.

Sai batun zafi. Akwai wata al'ada da ta yaɗu a garejojinmu ta cire tamostat da zarar mota ta shigo ƙasa, wai an yi shi ne don ƙasashen sanyi. Gaskiyar magana ita ce aikinsa daidaita zafin inji ne, kuma idan mota na zafi, laifin yana wani wuri: ko lagireto ya toshe, ko murfinsa ya mutu, ko bel ya saki, ko fanka ba ta kamawa. Ruwan rijiya da ake ɗurawa yana barin farin dutse a cikin hanyoyin lagireto kamar yadda yake yi a gindin buta. A yi amfani da ruwan sanyaya inji na gwangwani, in bai samu ba a nemi tataccen ruwa. Idan allurar zafi ta haura, a tsaya. Direban da ya ce bari ya lallaɓa ya ƙarasa kasuwa shi ne ke ƙona gaskit ko ya tsaga kan inji. Kada kuma a buɗe murfin lagireto yana tafasa, kada a kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi.

Akwai wani bel da ba a ganinsa sai an buɗe murfin gaban inji, shi ne bel ɗin taimin, mai daidaita motsin bawul da fistan. A tsofaffin injunan 1HZ ana sauya shi a kilomita 100,000, wato shekara uku da ɗoriya ga motar da muka yi misali da ita. Ba ya ba da sanarwa kafin ya tsinke, idan kuma ya tsinke mota na tafiya, fistan ya haɗu da bawul, gyaran da ya kamata ya tsaya a bel ɗaya ya koma na rabin inji. Duk wanda ya sayi tsohuwar mota bai san ranar da aka sauya shi ba, ya fara da shi kafin fenti da kwalliya, tare da boris ɗin da ke ɗaure shi.

Yanzu bari mu taɓo inda ke da ciwo, wato lodi. An ƙera wannan mota ta ɗauki abin da bai wuce tan ɗaya ba sosai, kimanin buhu goma ke nan masu kilo 100. Kowa ya san abin da ake ɗora mata ranar kasuwa: buhunan wake ko aya sun haura kan direba, ga awaki, ga mutane a bisa. Ana ƙara ganyen sifirin don baya ya daina zama, amma ƙarin ganye ba ya ƙara wa shasi ƙarfi, ba ya ƙara wa birki, ba ya ƙara wa boris ɗin ƙafa. Nauyin da sifirin ya ƙi karɓa shasi ne ke karɓarsa, daga nan sai tsagewa, sai walda, sai wata tsagewar a gefen waldar. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji masu iya magana. Sawu biyu da lodi daidai sun fi sawu ɗaya da zai kwantar da mota mako guda. Masu ɗaukar gishiri da kanwa da takin zamani kuma su riƙa wanke bayan mota da ƙarƙashinta, don waɗannan kaya suna cin ƙarfe.

Gargadar hanya tana kwance noti, saboda haka a riƙa bin kusoshin da ke ɗaure sifirin da na taya ana ɗaurewa, a kuma bai wa sandar da ke kai juyi ƙafafu giris a duk lokacin juye. Da damina, bayan an ratsa gulbi ko kwazazzabo, a duba man aksul, idan ya koma fari kamar madara to ruwa ya shiga, a sauya shi nan take. Giyar ƙafa huɗu ta yashi da taɓo ce, idan an hau kwalta a cire ta, in ba haka ba tana wahalar da giya da tayoyi.

Idan kuɗi suka yi kaɗan, dole a san abin da za a fara da shi. A ganinmu birki da sitiyari da taya su ne gaba, domin su ke riƙe da rayukan mutanen da ke bisa kaya. Man birki yana tsotsar danshi, ana sauya shi duk shekara biyu. Tayar gwanjo kuwa a duba shekarunta: a gefenta akwai lamba huɗu a ƙarshen rubutun DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Tayar da ta tsufa tana iya fashewa a zafin kwalta ko da zanenta bai goge ba. Bayan waɗannan sai mai da filtoci da bel, sannan fitilu da batir. Fenti da kujera da rediyo su jira kaka.

Wajen sayen kaya ma akwai inda ake tsimi, akwai inda ba a yi. Ƙofa, gilashi, giya, aksul, sitata, duk ana iya sayen na gwanjo masu kyau a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano, kuma sau da yawa tsohon na asali ya fi sabon jabu. Amma bel ɗin taimin, filta, takalmin birki, gaskit da robobin da ke tare mai, waɗannan sababbi ake saye, a wurin mai shagon da za a iya komawa gare shi. A tafi da tsohon a gwada, a kuma san shekarar motar, domin daga 1999 an sauya sifirin ɗin gaba zuwa mai naɗi, notin taya kuma ya koma biyar maimakon shida.

Hayaƙin salansa ma yana magana ga mai lura. Baƙi yana nuna iska ta yi kaɗan ko nozul sun gaji ko lodi ya yi yawa. Shuɗi yana nuna inji na ƙona baƙin mai. Fari da safe a lokacin sanyi yakan zama filogin ɗumama inji ne suka mutu, amma farin da bai ɗauke ba bayan mota ta yi zafi, ga ruwan lagireto na raguwa, to a je gareji kafin a yi lodi.

Shawararmu ta ƙarshe ga masu motoci ita ce a ware wa mota rabonta daga kuɗin kowane sawu, kamar yadda ake zubin adashe, kada a jira sai ta tsaya a shiga neman bashi. A riƙe makanike ɗaya da ya san motar, a tsaya a kansa idan yana aiki, a karɓi tsohon abin da ya cire. Direba da yaron mota kuma su saba da duban asuba: mai, ruwa, iskar taya, noti, da leƙa ƙasa ko wani abu ya ɗiga cikin dare. Su kuma ƴan kasuwa masu ba da kaya, su daina matsa wa direba ya ƙara buhu biyu a kan abin da ya ce ya isa, domin idan ta tsaya a daji kayansu ne ke lalacewa. Allah ya tsare hanya, ya ba da kasuwa mai albarka, amin.