Haɗa Kwamfutar Editin a Karon Farko: Aikinka Ne Zai Zaɓa Maka Kaya

Sana'ar haɗa bidiyo da zanen kwamfuta ta zama hanyar cin abincin matasa da dama a Kano, Kaduna, Jos da sauran biranen Arewa. Akwai masu ɗaukar biki da suna, akwai editocin Kannywood da na finafinai masu dogon zango a YouTube, ga masu zana fastoci da katin gayyata. Yawancinsu da laftof ta hannu suka fara. Da aiki ya yi nauyi, laftof ta fara ɗaukar zafi tana ƙamewa a tsakiyar aiki, sai tunanin haɗa kwamfutar tebur ya zo. Tunani ne mai kyau, domin a kuɗi ɗaya ta tebur ta fi ƙarfi, ta fi jure zafi, kuma duk abin da ya tsufa a cikinta ana iya cire shi a sa wani.

Wajen sayen kaya ne ake tuntuɓe. Mutum zai shiga kasuwa da suna guda a baki, Core i7, ya zuba rabin kuɗinsa a kai, sauran kayan kuma ya tsinto abin da canji ya iya saya. Alhali sunan kaɗai ba ya nuna komai. Core i7-4770 ta shekarar 2013 cibiyoyin lissafi huɗu gare ta, kuma Core i3-12100 da ta fito a 2022, wadda ake yi wa kallon ƙarama, ta fi ta sauri nesa ba kusa ba. Abin dubawa shi ne lambar da ke bayan sunan, wadda ke nuna zubin da furosesar ta fito a cikinsa.

Fara da manhaja da kyamara

Kafin a tambayi farashin komai, tambayoyi biyu ne ya kamata mutum ya amsa wa kansa: da wace manhaja nake aiki, kuma wane irin hoto kyamarata ke ɗauka? Manhajojin nan ba wuri ɗaya suke jingina nauyinsu ba. CorelDRAW da Photoshop, waɗanda masu zane ke wuni a kansu, sun fi son furosesa mai sauri da wadataccen RAM, ba sa bukatar katin girafik mai tsada. Premiere Pro tana raba aiki tsakanin furosesa da katin girafik. After Effects ba ta ƙoshi da RAM, domin a cikinsa take tara hotunan da za ta nuna maka kafin ka fitar. DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic Design na Ostareliya, wadda ake samun nau'inta na kyauta, a kan katin girafik take ɗora mafi yawan aikin gyaran launi. Haka ma Blender idan ana fitar da zane mai siffa uku.

Batun kyamara kuwa lissafi ne. Hoton 1080p ɗigo 1920 ne a kwance da 1080 a tsaye, wato ɗigo miliyan biyu da 'yan kai. Hoton 4K kuma 3840 ne da 2160, sama da ɗigo miliyan takwas, ninki huɗu ke nan a kowane firem. Bayan haka, yawancin kyamarori da wayoyi suna matse bidiyo da tsarin H.264 ko H.265, wanda ba ya adana kowane firem cikakke. Yana adana ɗaya ne, sannan ya rubuta bambancin da ke tsakaninsa da waɗanda ke biye. Duk sanda edita ya ja layin aiki baya ko gaba, sai kwamfuta ta sake gina hoton daga waɗannan gutsattsarin. Wannan shi ke jawo cijewar da editoci ke kuka da ita, ko da kwamfutar sabuwa ce.

Furosesa da madabod

Kamfanoni biyu ne ke riƙe da kasuwar furosesar kwamfutar tebur, Intel da AMD, kuma kowace furosesa da irin soket ɗin da take zama a ciki. Intel zubi na 12, na 13 da na 14 suna zama a soket LGA1700. Ryzen 5000 ta AMD tana zama a AM4, Ryzen 7000 da 9000 kuma a AM5, wanda ya fito a 2022. Ba a cusa ta wani a gurbin wani. Shi ya sa ake zaɓar furosesa tukuna, sannan a nemo madabod ɗin da ya dace da ita, sannan RAM ɗin da madabod ɗin ke karɓa. AM4 yana aiki da DDR4, AM5 da DDR5 kaɗai, su kuwa allunan LGA1700 akwai na DDR4 akwai na DDR5, sai an karanta kwali. Tsagar da ke ƙasan sandar DDR4 da ta DDR5 ba wuri ɗaya suke ba, don haka wanda ya sayi ba daidai ba sai dai ya koma kasuwa.

Ga mai farawa, furosesa mai cibiya shida zuwa takwas, ajin Core i5 ko Ryzen 5 da Ryzen 7 na zubin baya-bayan nan, ta wadatar. Akwai wani harafi guda da editan bidiyo zai lura da shi. Furosesar Intel da lambarta ta ƙare da F, kamar i5-12400F, ba ta da ɓangaren girafik a cikinta, shi ya sa ta ɗan fi araha. Masu wasan gem ba su yi asara ba idan sun saye ta. Edita kuwa ya yi, domin a wannan ɓangaren ne fasahar Quick Sync take, wadda Intel ta fito da ita tun 2011 don warware matsattsen bidiyo ba tare da an wahalar da cibiyoyin lissafi ba. Ɗan bambancin kuɗin da ke tsakaninsu bai kai amfanin da za a rasa ba.

Shi madabod ba ya ƙara wa kwamfuta sauri. Matsakaici, ajin B760 a ɓangaren Intel ko B650 a ɓangaren AMD, ya isa. Abin nema a jikinsa shi ne ramin RAM huɗu, gurbin M.2 na ma'ajin SSD aƙalla biyu, da isassun kafofin USB masu sauri don kwashe hoto daga katin kyamara. Fitilu masu launi ba sa rage wa rendarin ko daƙiƙa ɗaya.

Katin girafik

Nan ne kuɗi ke tafiya, nan ne kuma aka fi ruɗar mai saye. Ga aikin bidiyo, ma'ajin da ke jikin katin, wato VRAM, yana da muhimmanci ƙwarai, domin a ciki ake shimfiɗa firem ɗin da ake yi wa gyaran launi ko rage hatsi-hatsi. Idan ya cika, Resolve takan tsaya ta ce ma'ajin kati ya ƙare. Gigabait 8 shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a saya yau, mai aikin 4K a kai a kai kuma ya nemi 12 ko 16. Wannan ne ya sa RTX 3060 na Nvidia mai gigabait 12, wanda ya fito a 2021, bai daina farin jini wurin editoci ba, duk da RTX 4060 da ya biyo bayansa ya fi shi sauri, amma gigabait 8 gare shi. Manhajojin zane da bidiyo da yawa sun daɗe da sabawa da fasahar CUDA ta Nvidia, abin da ya sa katunanta suka fi kwanciyar hankali ga mai farawa, ko da yake na AMD da Intel Arc ma suna aiki.

Wanda aikinsa bai wuce fasta da kati da kalanda ba, ya rage kuɗin nan ya kai shi ga RAM da sikirin.

RAM da ma'aji

Kamfanin Adobe da kansa ya ba da shawarar gigabait 16 ga mai aikin HD a Premiere Pro, da 32 ga mai 4K. Tunda edita ba ya rasa Photoshop da burauza a buɗe a gefe, 32 ita ce zaman lafiya. A saye shi sanda biyu masu 16, ba sanda ɗaya mai 32 ba, domin sanda biyu suna buɗe wa furosesa hanya biyu a lokaci guda. A yawancin alluna masu rami huɗu, a rami na biyu da na huɗu daga gefen furosesa ake sa su.

A ɓangaren ma'aji, tsohon faifai mai juyawa yana karanta megabait 150 zuwa 200 a daƙiƙa. SSD mai igiyar SATA yana kaiwa wajen 550. Na NVMe, ɗan siriri da ake kwantarwa a jikin madabod, yana kaiwa 3,500 a zubi na uku, da wajen 7,000 a na huɗu. Tsarin da ya fi dacewa shi ne NVMe ɗaya na Windows da manhajoji, wani na aikin da ake kai, sannan babban faifai mai juyawa na ajiyar ayyukan da aka gama. Kada a raina girman da ake bukata. Kyamarar da ke ɗauka a megabit 100 a daƙiƙa tana cin gigabait 45 a awa guda. Bikin da aka ɗauka na awa shida da kyamara biyu ya cinye gigabait 540 tun ba a taɓa shi ba. Kuma hoton bikin mutane ba a ajiye shi a faifai ɗaya tak, domin ba a sake ɗaurin aure don faifai ya mutu.

Wuta, zafi da ƙura

Yawancin shawarwarin haɗa kwamfuta an rubuta su ne a ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa. A nan dole lissafi ya canza. Pawa-fak, akwatin da ke karɓar wutar bango ya raba wa kowane ɓangare, shi ne abin da aka fi yi wa rowa, alhali idan ya ƙone yakan tafi da madabod ko kati. Araha ba ta ado. A nemi na sanannen kamfani mai shaidar 80 Plus, Bronze ko Gold. RTX 4060 yana jan wat 115, RTX 3060 kuma 170, saboda haka pawa-fak mai wat 550 zuwa 650 ya ishi irin wannan haɗin har da rara. Wanda ba shi da suna, mara nauyi a hannu, ko an rubuta wat 800 a jikinsa, a bar shi a kanti.

Kuɗin UPS da sitabilaiza kuma a cikin kuɗin kwamfuta suke, ba abin da za a saya daga baya ba ne. A lura cewa lambar VA da ke jikin UPS ba wat ba ce. Mai VA 1000 sau da yawa wat 600 ne ko kusa da haka. Aikinsa ya riƙe ka 'yan mintuna ka adana aiki ka kashe, ko a tayar da janareta. Mai amfani da inbata ya tabbatar tana ba da tsabtatacciyar wuta irin ta layi, domin pawa-fak na zamani ba ya jituwa da wutar ƙananan inbatoci masu araha.

A watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40. Furosesa idan ta kusa digiri 95 zuwa 100 tana rage gudunta da kanta don kada ta lalace, sai ka ga ka biya kuɗin ƙarfin da ba ka mora. Maganinsa kes mai raga a gaba, fanka biyu masu jawo iska da ɗaya mai fitarwa a baya, da na'urar sanyaya furosesa mai tsayi. Kes ɗin ya zama mai matatar ƙura da ake zarewa a wanke, a ɗora shi a kan tebur ba a ƙasa ba, musamman lokacin hunturu.

Sikirin

Da sikirin edita ke yanke hukunci a kan launi. A nemi mai fuskar IPS wanda ke nuna kusan dukkan launukan ma'aunin sRGB, inci 24 mai 1080p ko inci 27 mai 1440p. Talabijin ba ta maye gurbinsa, domin an ƙera ta ne ta ƙawata hoto. Wanda ya gyara fatar amarya a kanta zai ga wani launi daban idan bidiyon ya sauka a wayar masu biki.

Kayan hannu da ranar haɗawa

Ba laifi ba ne a sayi na hannu, amma a san na saye. Furosesa da RAM da kes ba su cika lalacewa ba. Pawa-fak da faifan ajiya kuwa sababbi ake saye. Katin girafik na hannu sai an gwada shi a gaban mai kaya, a ɗora masa nauyi na ɗan lokaci ana duba zafinsa da ƙarar fankarsa, domin tun bayan da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin girafik a Satumbar 2022 katunan da suka yi aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya. Haka kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a Oktobar 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga Intel zubi na 8 da Ryzen 2000 take farawa. Abin da ya girmi haka ba abin zuba jari ba ne.

Ranar haɗawa, a taɓa ƙarfen kes kafin a taɓa kaya. A kusurwar furosesa akwai 'yar alamar kusurwa uku, a soket ma akwai irinta. A daidaita su, a ajiye ta a hankali ta zauna da kanta, domin 'yan siraran alluran da ke cikin soket LGA1700 ko AM5 idan suka lanƙwashe madabod ya tafi. A ƙasan na'urar sanyayawa galibi akwai leda mai sheƙi da ake mantawa ba a ɓare ba. Bayan an gama, igiyar sikirin a jikin katin girafik ake sa ta, ba a kafar madabod ba.

Ga mai shirin shiga kasuwa, ka rubuta jerin kayanka tun daga gida, da cikakkiyar lambar kowanne, ka ware kuɗin UPS da sikirin kafin komai, sannan ka raba sauran gwargwadon manhajar da kake aiki da ita. Idan kuɗi bai kai ba, rage ajin furosesa ko ka fara da RAM 16 ka ƙara daga baya, amma kada ka rage a pawa-fak. Kuma kada ka bar shago sai an kunna maka kaya ka gani da idonka, an rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar kowane ɓangare da wa'adin garanti.