Gargaɗi: Sabon Batirin Laftof Ya Ƙi Aiki? Kada a Tilasta Masa

Jama'a, wannan kira ne ga duk wanda ya sayo sabon batir ya sa wa laftof ɗinsa, ya danna maɓalli ta ƙi tashi, ko kuma tana aiki ne kawai idan caja na jone, da an zare sai ta mutu murus. Kada ka bar ta a kan caji ta kwana da sunan zuwa safe zai ɗauka. Kada ka yarda wani ya fasa batirin ya jona masa waya kai tsaye. Kada ka saka shi a firiza. Idan kuwa ya fara kumburi ko zafi, to ajiye wannan takarda, je ka zare shi daga wuta tukuna, ka dawo mu ci gaba.

Abin da ya sa nake wannan magana da zafi shi ne abin da ya faru a gidanmu. Ƙanena ɗalibi ne, laftof ɗinsa 'yar gwanjo ce, batirinta ya gaji har ba ya riƙe minti goma. Ya tara kuɗi ya sayo wani a leda mai sheƙi, ya saka, shiru. Ya koma, mai gyara ya ce masa, "Ai barci yake, yanzu zan tayar maka da shi." Ya ɓalle murfin batirin da wuƙa, ya ɗana wayoyi biyu a kan ƙwayoyin ciki, ya ba su wuta na ɗan lokaci, ya liƙe da salatif. Laftof kuwa ta tashi, yaro ya dawo gida da murna. Da daddare aka kawo wuta, ya jona ta ya bar ta a kan katifa ya fita kallon ƙwallo. Mahaifiyarmu ce ta ji wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na maganin goge farce yana fitowa daga ɗakin. Ko da muka shiga, ƙasan laftof ɗin ya ɗago, roba ta fara narkewa, zanin gado ya yi baƙi daidai faɗin tafin hannu. Allah ne ya kiyaye.

Batirin laftof ya sha bamban da na tocila. A cikinsa akwai ƙwayoyin litiyam, kowacce tana ba da kimanin bolt 3.7, idan ta cika ta kai 4.2. Shi ya sa za ka ga an rubuta 10.8 ko 11.1 a jikin mai ƙwaya uku a jere, 14.4 ko 14.8 a jikin mai huɗu. Tare da ƙwayoyin akwai wani ɗan ƙaramin allo mai gadi, wanda ke auna ƙarfin kowace ƙwaya da zafinta, yana kuma gaisawa da kwamfutar. Idan ƙarfin ƙwaya ɗaya ya faɗi ƙasa sosai ta daɗe a haka, jan ƙarfen da ke cikinta yakan fara narkewa. In aka dawo aka cusa mata wuta, sai ya taru ya zama wasu 'yan tsinkaye da ke iya huda siririn labulen da ya raba ɓangarorinta biyu. Mai gadin nan ya san da haka, shi ya sa yake kulle batirin ya hana shi karɓar caji. To abin da mai gyaran ƙanena ya kira tayarwa daga barci, tsallake mai gadi ne ya yi, ya shiga ta katanga.

Kuma kada wani ya ce ai ƙaramin abu ne. A shekarar 2006, bayan wata laftof ta kama da wuta ana tsakiyar taro a birnin Osaka na Japan, kamfanin Dell ya janye batura miliyan 4.1 da Sony ya ƙera, Apple ma ya janye miliyan 1.8. A 2019 Apple ya sake janye baturan wasu MacBook Pro masu inci 15 saboda zafi. Waɗannan kaya ne da suka fito daga manyan masana'antu masu gwaji iri-iri. Ina ga wanda aka harhaɗa da tsofaffin ƙwayoyi a bayan shago aka manna masa sabuwar takarda?

Sai dai ba kowane batirin da ya ƙi tashi ne jabu ba, kuma akwai binciken da mutum zai yi da kansa ba tare da ya jefa kowa cikin haɗari ba. Fara da takardar jikinsa. Ɗauko tsohon batirin ka jera su, ka duba lambar samfuri da adadin bolt. Batura biyu na iya zama kamar an tsaga kara, su shiga gurbi ɗaya daram, amma ɗaya 11.1 ne ɗaya 14.8. Idan lambobin sun saɓa, magana ta ƙare, mayar wa masu shago da kayansu. Bambancin 10.8 da 11.1 dai ba komai ba ne, duk ƙwaya uku ce.

In sun dace, kashe kwamfutar, zare caja, cire batirin, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30 don ragowar wutar ciki ta tsiyaye. Wasu ThinkPad masu batir a ciki suna da ɗan rami a ƙasa da ake sa tsinke don yin wannan aikin. Sannan ka duba bakin da batirin ke shiga da fitilar waya: ko wani haƙori ya lanƙwashe, ko ƙurar hunturu ta cushe shi. Mai batirin ciki kuma, sau da yawa fulogin ne bai zauna sosai ba, ya shiga rabi ya bar rabi.

Daga nan ka jona caja ka ba shi lokaci, amma kana zaune kusa, laftof ɗin tana kan tebur ko siminti. Sabon batir ba ya zuwa a cike. Tun 2016 dokar sufurin jiragen sama ta hana ɗauko irin waɗannan batura su kaɗai da cajin da ya wuce kashi 30 cikin ɗari, wasu kuma masana'anta kan kulle su sai sun ji caja suke buɗewa. Saboda haka rashin tashi a dannawar farko ba laifi ba ne. Amma idan awa ɗaya ko biyu ta wuce lamba ba ta motsa daga sifili ba, ƙarin awa goma ba zai canza komai ba sai ƙarin haɗari.

Akwai kuma wanda ake yawan mantawa da shi, wato caja. Na sha ganin an zagi batir alhali laifin nata ne. Cajar Dell da ta HP masu zagayayyen baki suna da wata siririyar allura a tsakiya, ta nan kwamfutar ke gane wace caja ce da kuma ƙarfinta. Idan allurar ta karye, ko cajar ta bogi ce, Dell za ta kunna lafiya lau amma ta ƙi yi wa batir caji. Haka in kwamfutarka mai buƙatar wat 90 ce ka ba ta mai 45. Wasu Lenovo kuwa, da ka kunna za su rubuta maka ƙarara cewa ba su san wannan batirin ba kuma ba za su yi masa caji ba. Mutanenmu sai su danna su wuce ba su karanta ba. Karanta. Ari cajar asali ta abokinka mai irin kwamfutarka ka gwada. Ka mayar da tsohon batirin ma: in shi yana ɗaukar caji ko yaya, laifin sabon ne. In duka biyun sun ƙi da caja mai kyau, to matsalar na kan babban allon kwamfutar, wanda masu gyara ke kira bod, kuma ko batir goma ka saya asarar kuɗi ce.

Alamomin da in ka gan su babu sauran gwaji su ne waɗannan: wurin shafa yatsa ya ɗago ko ya ƙi dannuwa, laftof tana rawa a kan tebur domin cikinta ya turo, murfin ƙasa ya buɗe baki, zafin da hannu ba zai jure ba, ƙara kamar tsaki, ko wannan warin da na faɗa. Kumburin iska ce da ƙwayar ke fitarwa saboda ta lalace. Na ji ana ba da shawarar a huda da allura iskar ta fita. Wallahi kada ka yi. Hudawar ce ke haɗa ɓangarorin ciki, wuta ta tashi nan take, hayaƙinta kuma guba ne ga huhu. Firiza ma haka: sanyi ba ya gyara matacciyar ƙwaya, sai dai raɓa ta taru a kan allon ciki idan ka fito da shi. Mu da muke ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40, ga waɗannan batura ba a so a yi musu caji sama da 45, ɗaki mai rufin kwano da rana tsaka ya riga ya kai su bakin gaɓa tun kafin a ɗora su kan katifa ko filo a toshe musu hanyar iska.

Idan hayaƙi ya fara, zare daga soket in hannunka zai kai lafiya, fitar da yara, buɗe tagogi, kada ka tsaya kana leƙe. Bayan an yanke wuta, ruwa mai yawa daga nesa yana sanyaya shi, haka ma'aikatan jirgin sama ke yi. Amma yana iya sake kamawa bayan ya lafa, don haka kada a mayar da shi ɗaki. In ta fi ƙarfinku, a kira 'yan kwana-kwana, ko lambar gaggawa 112.

Ku kuma 'yan uwa masu sayarwa da masu gyara, ku ji tsoron Allah. Wanda ya zo muku ba shi da masaniyar abin da ke cikin baƙar robar nan, amana ya ba ku. Mai saye, ka tafi da laftof ɗinka shagon, a saka a gabanka, ka ga lamba tana hawa, a zare caja ka ga ta tsaya da ƙafarta, sannan ka biya ka karɓi rasit mai ɗauke da kwanakin garanti. Wanda ya hana ka gwaji, bar masa kayansa.

Lalataccen batir kuma kada a jefa shi bola, inda ake cinna wa shara wuta kuma yara ke tone-tone. A liƙe bakinsa da salatif. Na ƙanena yana can bayan gida cikin bokitin ƙarfe, mun binne shi da yashi a inuwa, nesa da janareto da jarkar fetur, har mu samu mai karɓar irin wannan shara.