Wanda aka share wa hawaye, shi ma ya share na wani

Duk wanda ya taso a Faru, ko wani gari a ƙananan hukumomin Maradun da Bakura da Talata Mafara, ba zai manta da shekarar 2021 ba, ko da kuwa a lokacin yana firamare. A ranar 26 ga Fabrairu 'yan bindiga suka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe cikin dare, kuma sai ranar 2 ga Maris aka sako ɗalibai 279. A watan Agusta aka kai hari Kwalejin Noma ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba kuma aka kwashe ɗalibai 73 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya da ke Maradun. A daidai wannan lokacin aka rufe makarantu da kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar Zamfara.

An buɗe makarantu, an koma aji, amma ciwon bai gama warkewa ba. Har yau akwai ajin da za ka tarar da wanda ya rasa uba, ko wadda aka sayar da gonarsu aka biya kuɗin fansa, ko wanda aka taso daga ƙauyensu yana zaune gidan dangi. Me ke kwantar wa irin wannan ɗalibi hankali? Me na kusa da shi zai yi masa? A wannan makon mun duba amsar da addinin Kirista ya bayar.

Wannan masifa ba ta tambayi addinin kowa ba. A ranar 5 ga Yuli na wannan shekarar aka sace ɗalibai sama da 120 a makarantar Bethel Baptist da ke ƙaramar hukumar Chikun a jihar Kaduna. Iyaye suka riƙa taruwa a harabar makarantar suna kuka suna addu'a. Kashi-kashi aka dinga sako yaran, wasu bayan makonni, wasu bayan watanni. Hawayen uwa a Chikun da na uwa a Jangebe iri ɗaya ne.

A irin wannan hali, Kiristoci sukan koma ga farkon wasiƙa ta biyu da Manzo Bulus ya rubuta wa masu bi na birnin Koranti, a ƙasar Girka ta yau, wajen shekara ta 55 miladiyya. Bulus ya rubuta ta ne bayan ya sha wata wahala a yankin Asiya, har ya fid da rai da rayuwa. Abin da ya koyar shi ne, Allah ne tushen ta'aziyya, wato kwantar da zuciyar mai baƙin ciki, kuma yana ba mutum ita domin shi ma ya iya ba wani. Ke nan tamkar ruwan Dam ɗin Bakolori take: ana tara shi ne don a sake shi ya bi magudanai ya isa gonakin jama'a.

Koyarwar ba ta ce mai bi ba zai sha wuya ba, ba ta kuma hana kuka ba. Littafi Mai Tsarki ya nuna Yesu da kansa ya yi kuka a kabarin abokinsa Li'azaru. Zabura da yawa ma koke ne na mutanen da suka kai wa Allah damuwarsu ba tare da ɓoye komai ba. Don haka ɗan'uwa, idan zuciyarka ta yi nauyi, zubar da hawaye ba ƙarancin bangaskiya ba ne. Ka faɗa wa Allah, ka kuma faɗa wa wani babba da ka yarda da shi.

Labarin Ayuba, wanda Musulmi da Kirista duk sun san shi da haƙuri, yana da darasi ga mai son taimako. A yadda Littafi Mai Tsarki ya kawo shi, da abokansa uku suka ji abin da ya same shi, sai suka zo suka zauna tare da shi a ƙasa kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. Da suka buɗe baki suka fara cewa laifinsa ne ya jawo masa, a nan suka ƙara masa ciwo, har Allah ya tsawata musu.

To, me ɗalibi zai iya yi? Idan abokin karatunka ya dawo bayan wata masifa, ka zauna kusa da shi, kada ka tsare shi da tambayar abin da ya gani a daji. Ka ara masa littafinka ya kwafi darussan da suka wuce shi. Ki raba abin kalacinki da wadda kika lura ba ta zo da komai ba. Ku tsawata wa masu tsokana da masu laƙaba suna. Idan kuka ga ba ya barci, yana yawan firgita ko ya daina cin abinci, ku sanar da malami ko iyaye, domin yana iya buƙatar ganin ma'aikacin lafiya.

Kada kuma ku tsaya tantance addini kafin ku taimaka. A misalin Basamariye mai kirki da Yesu ya bayar, baƙon da ba ƙabilarsu ɗaya ba ne ya ɗauki wanda 'yan fashi suka yi wa rauni. A ƙasarmu ma mun gani: a watan Yunin 2018, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa a jihar Filato ya ɓoye Kiristoci sama da 200 a masallaci da gidansa, ya hana maharan isa gare su.

Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wanda ya taɓa kwana cikin tsoro ya fi kowa sanin abin da mai tsoro ke bukata. Idan akwai ranar da wani ya riƙe hannunka, gobe ka waiwaya a ajinku, ka ga wanda ke zaune shi kaɗai, ka matsa kusa da shi.